Dan Allah a ba ni shawara, maigidana ya fara shan wayin wai maganin hawan jini ne

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ni a Hotoro nake, mun daɗe da aure har da 'ya'ya uku kuma wallahi ban taɓa kai ƙarar mutumin nan ko'ina ba. Sana'arsa tayil, da can daga Legas yake sarowa a hannun wani, to bara sai suka haɗa jari da wani abokinsa suka fara zuwa Italiya da kansu, wanda ma a kan haɗa jarin sai da muka yi rigima don ni abokin bai kwanta min ba tun bikin ƙanwar maigidan da ya zo ya karɓe hidimar komai, har kujerun da muka riga muka biya kuɗinsu ya sa aka mayar aka kawo wasu, matarsa kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba sai ɗaga hanci, amma dai a bar wannan. To wajen azumi aka auna shi aka ce jininsa ya hau aka ɗora shi a kan magani. Kwanakin baya ina gyara durowarsa sai na ci karo da wata baƙar kwalba a bayan jakar tafiyarsa an sha kusan rabi. Ni na ɗauka irin wayin ɗin biki ne da ake sayarwa a manyan kantuna har na kusa zuba wa yara, sai da na buɗe wari ya doke ni, wani tsami-tsami haka, kuma murfin ba na murɗawa ba ne, wani ɗan toshi ne na ɓawon itace duk ya rine ya yi ja. A jikin takardar an rubuta 13.5%. Da na tambaye shi bai ma musa ba, ya ce ai wannan inabi ne zalla, Turawa da shi suke cin abinci shi ya sa ba sa ciwon zuciya, wai giyar kwalba irin ta Sabon Gari ita ce mai kashe mutum ta sa shi tumbi. Ya ce ɗan kaɗan yake sha da daddare bai taɓa buguwa ba, kuma gaskiya sallah ba ta wuce shi. Ni na rasa inda zan sa kaina. Da gaske magani ne? Kuma in yi yaya?

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar uwa haka nawa ya fara, shi da maganin tari ya soma wai mura ke damunsa, tun kafin a hana kodin a 2018, ina ta rufa masa asiri ina ta cewa zai daina, ƙarshe har keken ɗinkina sai da ya ɗaga, kuma da na je gidansu uwarsa cewa ta yi ni na lalata mata ɗa. Har yau ko sisi bai taɓa aiko wa yaransa ba. Ki kai shi Hisba kawai tun wuri.

Uwar Biyu: Haba Maman Ilham, daga jin magana sai Hisba? Ki kashe mata aure? Anya ma ba irin marar giyar nan ba ce? Mu a bikin ƙanina katan-katan aka sayo har malamai sun sha.

Sadi Gwammaja: Uwar Biyu ba ita ba ce, ku tsaya ku ji daga bakin wanda ya sani. Na yi aikin sito a wani otal a Abuja kafin Allah ya raba ni da shi, da hannuna nake ƙirga kwalaben nan shiga da fita. Ta bikin da kike faɗa ruwan inabi ne da siga da gas, ba a bar shi ya ruɓa ba. Wadda aka rubuta wa 13.5% kuwa an matse inabi an bar shi yis ya cinye sigan ya mayar da shi barasa, daidai yadda ake yi wa sha'ir a samu giyar kwalba, ko dawa a samu burkutu. Aikin ɗaya ne, abin da aka jiƙa ne kawai ya bambanta. Kuma Hajiya bari in yi miki lissafi ki kai masa. Giyar kwalba da yake rainawa yawancinta kashi 5 cikin 100 ce barasarta, babbar kwalba kuma 60cl ce, kin ga 3cl kenan na zallar barasa. Tasa 75cl ce a kashi 13 da rabi, ya haura 10cl. Wato kwalbarsa ɗaya ta fi manyan kwalaben giya uku. Rabin da kika gani an sha, ya kai kwalba ɗaya da rabi ta Sabon Gari. Maganar tumbi kuma barasar kanta ce ke sa ƙiba, ba ruwanta da launin kwalba. Shawara ɗaya ce, ki ɗauko ta ki tuttular a gabansa ki kira babban wansa a daren.

Mai tambaya: Yaya Sadi na gode amma ba ka san wansa ba ne, dama ba sa ga maciji a kan maganar gidan gado, in ya ji wannan sai duk dangi sun ji. Kuma ni ban ce a dare ɗaya ya sha rabin ba.

Sista Rabi: A dare nawa ya sha? Kuma meye sunan maganin da aka ba shi, yana ma shan sa kuwa? Ina tambaya ne saboda aikina kenan. Barasa ƙara hawan jini take yi, kowace iri ce, kuma in ta haɗu da wasu magungunan hawan jinin mutum zai miƙe tsaye jiri ya kwashe shi. In aka rubuta masa Flagyl kuma ba a haɗa su sam, farasitamol ma da barasa hanta ce ke shan wahala. Kar ki tuttular da komai tukuna sai kin san yawan abin da yake sha, don wanda ya saba sha da yawa kullum in ya yanke lokaci guda yana iya kama karkarwa har da jijjiga. Ki lallaɓa shi ku koma wajen likitan da ya ɗora shi a kan magani, ya faɗa masa da bakinsa.

Sadi Gwammaja: Sista wace karkarwa kuma ga mai rabin kofi, kar ki ba shi mafaka. Ni na san inda wannan tatsuniya ta samo asali. A 1991 wani shirin talabijin a Amurka ya kawo wani masani Bafaranshe, Serge Renaud, aka ce Faransawa suna cin man shanu da cuku amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, wai jan wayin ne sirrin. Nan take kasuwarsa ta tashi a Amurka, mu ma a otal da wannan maganar masu kai abinci suke tallata shi. Sai daga baya aka duba aka ga yawancin binciken akwai gyara, don cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin ba sa sha akwai waɗanda ciwo ne ya sa suka daina, dole su fi masu sha kaɗan-kaɗan rashin lafiya. Ga shi masu shan wayin a can galibi masu hali ne, abincinsu mai kyau, asibitinsu mai kyau. Sinadarin da ake ta kururutawa, resberatrol, a ɓawon inabi yake, kuma ɗan mitsitsi ne a cikin kofi, akwai shi ma a gyaɗa. In shi yake so ga inabi nan a 'Yan Lemo ya saya ya ci da ɓawonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Janairun 2023 ta fito ƙarara ta ce babu wani adadi na barasa da za a ce ba ya cutarwa, kuma tun 1988 aka sa ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, sahu ɗaya da taba.

Sista Rabi: Duk wannan gaskiya ne Malam Sadi, ban musa ba. Amma kai ka auna rabin kofin? Ita ma ba ta gani ba, faɗa mata aka yi.

Abu Huzaifa: Ni mamaki nake an tsaya ana lissafin kashi. Ko da likitocin duniya sun taru sun ce magani ce, Ma'ida aya ta 90 ta gama magana. Annabi SAW ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wani sahabi, Ɗariƙ bin Suwaid, ya ce shi don magani yake haɗa ta, aka ce masa ba magani ba ce, cuta ce, yana cikin Muslim. Sayyidina Umar kuma a kan mumbari ya lissafa abu biyar da ake yin ta da su, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, kin ga da ta inabin da ta sha'irin duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ki yi masa nasiha cikin ladabi, ki dage da tsayuwar dare, kar ki tona masa asiri.

Maman Ilham: To Malam mu da muka yi ta tsayuwar daren muna rufa asiri me muka tsira da shi? Kullum mace ce za ta yi haƙuri. Da ita aka kama da kwalbar a durowa da tuni tana gidan ubanta.

Mai tambaya: Dan Allah a daina haɗa shi da 'yan ƙwaya, mijina ba haka yake ba. Ni na san abokin nan ne, shi ya kai shi wajen Turawan da suke sayen kaya a hannunsu, maigidan ya ce min a can in aka zauna cin abinci kowa sai an ajiye masa kofi kuma in ka ƙi kamar ka raina su ne, cinikin ma zai iya lalacewa. Ni yanzu zoɓo nake dafa masa kullum ba siga don na ji yana sauke jini, yana kuma sha.

Sadi Gwammaja: Hajiya wannan zance ne. Turawa nawa na gani a otal suna cewa a ba su ruwa, ba wanda ya kalle su. Gaskiya ne Italiya da Faransa da Sifaniya su ne kan gaba wajen yin sa a duniya kuma ya shiga al'adarsu sosai, amma ba su ma suka fara ba, a ƙasar Jojiya aka tono fasassun tuluna masu alamarsa na kusan shekara 8,000. Aljeriya ma ƙasar Musulmi lokacin da Faransa ke mulkinta sai da ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi waje, ina za ki ce al'adar mutanenta ce, kasuwar masu mulki ce. Kuma ko a ce a Italiya kunyar Turawa ya ji, a Hotoro cikin durowa kunyar wa yake ji? Ki kira wansa na ce.

Uwar Biyu: Ni dai nawa ganin ki sayo masa marar giyar ki ajiye a firji, a hankali zai koma kanta ba tare da tashin hankali ba. Namiji ba a yi masa gaba da gaba.

Sadi Gwammaja: Ita ma iri biyu ce. Akwai wadda ba ta taɓa zama giya ba, akwai wadda sai da ta zama giya sannan aka zare barasar, irin wannan ana barin har 0.5% a ciki. Sai ta karanta takardar.

Abu Huzaifa: Ta biyun akwai saɓanin malamai a kanta, ni ba zan ba da shawarar a shigar da ita gida ba.

Sista Rabi: Zoɓon yana ɗan taimakawa amma ba ya maye gurbin magani, kuma shi ma a faɗa wa likita yana sha.

Mai tambaya: Na ji duka na gode Allah ya bar zumunci. Hisba dai ba zan je ba, wansa ma a'a, Hajiyarsa kuma ita ma hawan jinin gare ta ba zan zama sanadi ba. Asibiti kuma ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Kwalbar ma yanzu na duba ba ta wajen, ban sani ba ko zubarwa ya yi ko mota ya mayar da ita, ni ina kyautata masa zato. Wata mai zuwa za su sake tafiya. Uwar Biyu wace iri kuka saya a bikin, a ina ake samu?

Sista Rabi: Anti har yanzu ba ki faɗi sunan maganin ba, ki duba kwalin ki rubuto min, kuma ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage.