Na biya kuɗin shirin rage ƙiba, amma nauyin ya dawo

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da na gama jego ƙiba ta kama ni, yanzu kilo 94 nake. Gwiwoyina sun matsa mini, wani lokaci sai a zaune nake sallah. Na shiga wani shirin rage ƙiba a WhatsApp, aka sayar mini da shayi, aka hana ni tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Da farko na ragu, amma gudawa da jiri suka sa na haƙura, nauyin kuwa ya dawo har da ƙari. Don Allah wadda ta taɓa ragewa bai dawo ba, yaya ta yi?

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, da yawan irin shayin nan filasko ne a ciki, shi ya kawo gudawar. Ruwan jikinki ya zube, kitsen yana nan. Ki fara zuwa asibiti a auna miki jini da suga. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa, kuma ko kashi 5 cikin 100 na nauyinki kika sauke, wato wajen kilo 5, jini da gwiwa za su samu sauƙi.

Hajiya Babba, Katsina:
'Yata, ni ban bar tuwo ba. Malmala uku nake ci a da, na koma ɗaya, na cika kwanon da miyar kuka da kwaɗon zogale. Lemon kwalba na yanke shi, don babbar roba ɗaya ta fi ƙaramin cokali 10 na sukari. Bayan asuba ina zagaya unguwa da maƙwabciyata, minti 30. Abin da ya fi yunwa wuya shi ne bakin dangi. Da na fara ramewa, sai aka shiga cewa ko ciwo nake, ko Alhaji ya daina cefane. Ki toshe kunnenki, ba su za su ɗaukar miki ciwon gwiwa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, to ranar biki ko suna fa?

Hajiya Babba:
Ki ci wake ko ƙwai a gida kafin ki fita. In an kawo, ki ɗiba kaɗan, sauran ki ƙulle wa yara.