Yaya zan jera sakamakon bincike a shafin gidajen haya?

Ɗan Bukoki: Salam ƴan uwa. Na haɗa ɗan shafi na gidajen haya a Yamai, amma in mutum ya rubuta "ɗaki biyu Wadata" sai gidajen Yantala da Harobanda su fito sama, har da waɗanda an riga an kama. Me zan sa gaba, kuɗi ko unguwa?

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana unguwa tukuna. Mai aiki a Plato ba ya son ƙetare gada kullum ko gidan kyauta ne. Bayan haka kuɗin, ka bari in zaɓa da kaina, daga jika 20 zuwa jika 50, kuma ka nuna ko akwai pampo da kuran a ciki don shi muke fara tambaya.

Abdu Tawa: Gaskiyar Hajiya ne. Sabon talla ya hau sama, wanda ya yi wata ba a sabunta ba ka ɓoye shi kawai. Sannan mutane ba sa rubuta ɗ da ƙ a salula, to "daki" da "ɗaki" su kawo abu guda, in ba haka ba za su ga babu komi su fita.

Ɗan Bukoki: Madalla, hotuna fa?

Abdu Tawa: Guda ƙarami ya isa a jerin, rezo ba ƙarfi kuma mega na da tsada. Sauran sai an danna.