Kajina suna zubar da gashi, mene ne dalili?

Maman Aisha (Rikkos): Assalamu alaikum 'yan uwa. Kajina na gida sun fara zubar da gashi tun shigowar hunturu, wasu bayansu ya zama fili, kuma ƙwan da nake ɗauka ya ragu sosai. Suna cin abinci, ba su yi sanyi ba, amma ina tsoron sanyin Disamba ya same su a haka. Wane magani zan saya?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin maganar magani, ki gaya mana ainihin wurin da gashin ya zube, domin wurin shi ne yake nuna dalilin.

Maman Aisha (Rikkos): Yawancinsu a baya ne, kusa da wutsiya, wasu kuma har da ƙeya.

Malam Isa: Zakaru nawa ne a cikinsu?

Hajiya Rabi (Bukuru): Ni zan roƙe ki ki fara duba akurkin da dare. Bara na sayo 'yan kaji a wurin wani mai talla na haɗa su da nawa, kuma ba a jima ba gaba ɗayansu suka fara susa da tsige jikinsu. Wani mai shagon magani ya sayar mini da maganin da ake zubawa a ruwan sha, ya ce ciwon ciki ne, kuɗi suka tafi kaji kuma suka ci gaba da ramewa, zankonsu ya koma fari-fari saboda ƙarancin jini. Da rana babu abin da ake gani a jikinsu. Sai da likitan dabbobi ya ce a shiga da tocila bayan isha'i a goga farin tsumma a ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai, tsumman ya fito da jirwayen jini, ga wasu jajayen ƙwari ƙanana suna fitowa daga tsagar katako. Irin waɗannan suna ɓuya ne a bango da katako da rana, su hau kaza su sha jini da dare, don haka wanda ya yi wa kaza magani ya bar akurki bai yi komai ba. Mun kwashe shimfiɗar muka ƙone, muka wanke katakon da ruwan zafi, aka fesa maganin da likita ya rubuta, sannan aka maimaita bayan mako guda domin ƙwansu yana ƙyanƙyashewa ne a cikin 'yan kwanaki. Kaza biyu ban iya ceto su ba, kuma har yau abin yana damuna.

Baba Ɗanjuma: Toka ita ce maganin da muka gada. A haɗa tokar itace da yashi a busasshen wuri, kaji su yi birgima a ciki.

Hajiya Rabi (Bukuru): Gaskiya ne Baba, toka tana rage ƙwarƙwatar da ke zaune a jikin kaza, wadda ake ganin ƙwanta fari manne a gindin gashi kewaye da dubura. Amma ba ta kai wa ga waɗanda suke cikin tsagar katako.

Baba Ɗanjuma: Tun kafin a buɗe shagunan magani muke kiwo, 'yata, kuma kajinmu ba su ƙare ba.

Abdullahi Mai Ƙwai: Ku yi haƙuri, a ganina an manta da abu mafi sauƙi. Kazar da ta haura shekara tana sake gashi da kanta, yawanci sau ɗaya a shekara, kuma a lokacin takan rage ƙwai ko ta daina gaba ɗaya, domin gashi kusan dukansa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, jikinta ba zai iya gina sabon gashi ya kuma yi ƙwai yadda ya saba ba. Irin wannan yakan fara daga kai da wuya ya gangara zuwa jiki da fuka-fuki, fatar tana nan lafiya babu ja babu ciwo, za ki ga tsinin sabon gashi yana fitowa, kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Tambayata ita ce, me suke ci? Idan dusa ce kawai da sauran tuwo, ba za ta wadatar ba. Abincin kaji masu ƙwai yana da furotin kimanin kashi 16 cikin 100, dusar masara ba ta kai haka ba, kuma kazar da ta rasa furotin takan fara tsigar gashin 'yar uwarta tana haɗiyewa. A ƙara musu gasasshen waken suya ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, ko gara idan ana samu.

Maman Aisha (Rikkos): Dusa ce daga Kasuwar Katako, sai ɗan hatsi da yamma. Malam Isa, zakaru uku ne, mata goma sha biyu.

Malam Isa: To Hajiya, ga dalili babba. Zakara ɗaya ya isa wajen mata goma. Idan ya hau kaza yana riƙe ƙeyarta da baki, farcensa kuma yana karce bayanta, kuma wuraren da kika ambata ke nan daidai. Ki ware biyu daga cikinsu na 'yan makonni ki gani.

Umma Hadiza: Don Allah kada kowa ya fesa wa kaza maganin sauro ko irin su Sniper. Guba ce mai iya kashe kazar, ga haɗari ga yaran da ke cin ƙwan.

Abdullahi Mai Ƙwai: Haka ne. Ko maganin ƙwarin da aka yi domin dabbobi, a tambayi likita kwana nawa za a daina cin ƙwai bayan an ba da shi. Mu da muke Jos ba mu da uzuri, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, kusa da mu.

Baba Ɗanjuma: Waken suya ya yi wa mai kaji goma sha biyar tsada. A sake su su yi kiwo, za su nemo ƙwari da kansu.

Abdullahi Mai Ƙwai: Baba, a wannan rani ƙasa ta bushe, babu ƙwarin da za su tona, kuma gidajen cikin gari ba su da filin da za a sake su.

Umma Hadiza: Ni tawa guda ɗaya ce, a ƙirji kawai babu gashi, kuma ba ta barin akurki.

Hajiya Rabi (Bukuru): Wannan kwanci take so, Umma. Ita ce take tsige gashin ƙirjinta da kanta domin ɗumin jikinta ya taɓa ƙwan. Idan kina son 'yan tsaki ki sa mata ƙwai, amma ki duba shimfiɗarta tukuna, domin mai kwanci ba ta tashi, ƙwarin nan sun fi samun ta.