Me za mu kira "enzyme" da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma. Jiya Inna ta aike ni kasuwar Tudun Wada sayo omo, na dawo da wani da aka rubuta "enzyme" ɓaro-ɓaro a jikin ledarsa. Ta ce, "Kai ɗan boko, mene ne wannan da ya sa ya fi na da tsada?" Na ce sinadari ne. Ta ce gishiri ma sinadari ne, kanwa ma haka. Na yi shiru.

Gaskiyarta. "Sinadari" ta zama rigar aro, kowa ya rasa kalma sai ya zura ta.

Ga aikin abin, don mu san wa muke raɗa wa suna. Sabulu ɗaga dauɗa yake yi, ruwa ya tafi da ita. Haifo kashe launin tabo yake. Shi kuwa wannan gutsuttsura tabon yake yi har ya zama ƙanana ƙwarai, ruwa ya kwashe. Kuma kowanne da abincinsa: akwai mai cin jini, ƙwai da nono, akwai mai cin maiƙo irin manja da man gyaɗa, akwai mai cin sitaci irin koko da tuwo da suka bushe a rigar yaro. Mai cin maiƙo ba ya taɓa jini. In ya gama da wannan gutsure sai ya koma kan na gaba, ba ya ƙarewa, shi ya sa ɗan kaɗan ke isa.

Ba baƙonmu ba ne. Yana cikin yawu, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa sai ka ji zaƙi-zaƙi. Yana cikin ganyen gwanda da iyayenmu ke naɗe tsohon nama da shi ya yi laushi.

Wani ɗan'uwa mai karantar kimiyya a Samaru ya ce a bar ta "inzayim", kamar yadda muka bar intanet. Malam, a aji na yarda. Amma faɗa wa Inna "inzayim" ka ga ko an ci gaba daga inda aka tsaya.

Wata baiwar Allah ta ce "tsimi". Ta kusa da asali, domin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta abin da ke cikin yisti, kuma wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya ƙirƙire ta a 1877. Sai dai Hajiya, kin san inda hankalin mutane zai tafi in aka ce omo mai tsimi. A bar wannan.

An kawo "ci-tabo". Ta yi daɗi a baki, mai talla zai so ta. Matsalarta, na cikin yawu da na gwanda ba tabo suke ci ba.

Ni tawa ita ce "narkau". Muna cewa mantau, muna cewa makarau, wato wanda abin ya zame masa hali. Narkau ke nan: wanda aikinsa narkarwa. Kuma mun riga mun saba cewa abinci ya narke a ciki, alhali waɗannan abubuwan ne ke narkar da shi. Omo mai narkau. Narkau na maiƙo, narkau na sitaci.

Yayata ta kawo ƙorafin da ya fi kowanne nauyi. Ta ce duk Bahaushiyar da ta ji "narke" wuta za ta tuna, sai ta ɗora ruwa ya tafasa ta zuba. To tafasasshen ruwa lalata shi yake yi, ya kuma dafa jini ya kama zare har abada. Ruwa mai ɗumi yake so, wajen digiri 30 zuwa 40, a jiƙa kamar rabin awa kafin a cuɗa. In an haɗa da haifo, haifon ya kashe shi. Na ce Yaya, ai gishiri ma narkewa yake a ruwan randa. Ta ce ba ta gamsu ba.

Tunda ana Zariya bari in ƙara wannan. Hanyar da abin ya bi ya shigo wanki ta wajen jimar fata ce. Otto Röhm a Jamus ya fara amfani da shi wajen tausasa fata a 1907, a madadin kashin kare, sannan ya yi rajistar na wanki a 1913, daga cikin kayan cikin dabbobi. Na yanzu daga ƙwayoyin bakteriya da naman gwari ake nomansa a tankuna. Ga cibiyar fasahar fata nan a Samaru, ga majema a gari. In kuna da sunan da kuke kiran abin da ke tausasa fata, ku kawo, zai iya korar narkau.

Kafin nan, kada a jiƙa siliki ko ulu a ciki, mai cin jinin nan yana cin su. Tabon goro da na tsatsa kuwa ba hurumin narkau ba ne. Inna ta gwada a hannun rigar Baba, goron yana nan.