Abin da na tsinta a hirar majalisa kan manhajojin tafiya

Jiya bayan la'asar aka yi ta musu a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi a Kano kan manhajar da ya kamata matafiyi ya saka a waya, to ga ɗan abin da na riƙe. Kusan kowa ya yarda da Google Maps, amma Alhaji ya ce dabarar ita ce ka sauke taswirar garin tun kana gida, don in ka wuce Kwanar Dangora netwok ya ɗauke, GPS ɗin zai ci gaba da nuna maka hanya ko ba data. Sai dai fa cikin lungunan birni, irin su Kurmi, gara ka tambayi mai shago.

Mai zuwa Abuja ta jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna ya yanki tikiti a intanet da wuri, kujeru na ƙarewa. Masu Umara kuwa sai Nusuk, nan ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi da ke Madina, wani ma ya ce ya ga mutane sun koma masauki saboda rashinsa. Google Translate na da Hausa da Larabci, ana lallaɓawa da shi a kasuwa.

Ni dai na ƙara da cewa a riƙe fawa bank da ɗan kuɗi a aljihu, tiransifa takan maƙale a tasha.