Wane suna za mu ba VNS da Hausa?

1/ Jama'a, musamman likitoci da masu gashin ƙashi, ku zo mu tsayar da suna ɗaya ga aikin da Turawa ke kira vagus nerve stimulation (VNS). Ana dasa 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji ta hagu, a naɗa siririyar waya a jikin wata jijiyar wuya, ta riƙa aika ɗan lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da aikin a 1997 don farfaɗiyar da ta gagari magani, sai a 2021 don hannun wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki.

2/ Jijiyar ba ta jini ba ce, ta saƙo ce, tana bin wuya ta gangara zuciya da huhu da hanji. Wasu sun ce "jijiya mai yawo", ma'anar sunanta vagus a Latin. Ban yarda ba: majinyaci zai ɗauka ciwo ne ke yawo a jikinsa. A bar ta jijiyar bagas.

3/ Rigimar tana kan stimulation. "Jan wuta" zai kori mutane tun daga bakin ƙofa. "Farfaɗo da jijiya" ma ba ta yi ba, ka faɗa wa uwar mai farfaɗiya haka ka ga yadda idonta zai yi. Kuma jijiyar ai lafiyarta lau, ba suma ta yi ba.

4/ Ni na tsaya kan tsikari. Ga dalili: mara lafiya na miƙa hannu zai ɗauki kofi, daidai nan mai gashin ƙashi ya danna maɓalli, na'urar ta taɓa jijiyar na rabin daƙiƙa, kamar ka tsikari ɗalibi ya natsu. Ƙwaƙwalwa ta riƙe wannan motsin. A gwajin da Farfesa Jesse Dawson na Jami'ar Gilasgo ya jagoranta kan masu shanyewar ɓarin jiki 108, kashi 47 cikin ɗari na waɗanda aka tsikara sun samu sauƙin a zo a gani, sauran da suka yi atisaye kawai kashi 24.

5/ Saboda haka: tsikarin jijiyar bagas. Na hannu kuwa dole a ce "atisaye da tsikari", don kada dangi su sayar da gona suna zaton na'ura kaɗai za ta ɗaga hannu. Mutanen Sakkwato da Damagaram, tsikari na tafiya a bakinku?