Da mata ne suka riƙe alƙalamin, da labarin ya canza?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Ina nazarin yadda masu rajin kare haƙƙin mata suke kallon zane-zane da adabin zamanin mulkin mallaka, sai wani abu ya shige mini duhu. Ana yawan cewa Turawa maza ne suka gurɓata surar matan ƙasashen da suka mamaye. To, da a ce mata ne suka riƙe alƙalamin, da labarin ya canza kuwa?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba lallai ba ne. Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan Najeriya a jaridar Times ta Landan a 1897, daga baya kuma ta auri Lugard, mace ce, amma daular Birtaniya alƙalaminta ya yi wa hidima. Haka nan lokacin da aka baje Sarah Baartman ta Afirka ta Kudu a Landan a 1810 kamar dabbar kallo, maza da mata ne suka biya kuɗi suka shiga. Ta rasu a Faris a 1815, aka ajiye sassan jikinta a gidan tarihi, ba a mayar da su gida ba sai 2002. A nan launin fata ya rinjayi jinsi, shi ya sa mata baƙar fata masu nazari suka dage cewa ba a duba ɗaya a bar ɗaya.

Malam Sanusi:
Na yarda, Malama, amma kada mu rage darajar macen da ta fito daga cikin al'ummar kanta. Delacroix, mai zane ɗan Faransa, ya yi 'yan kwanaki a birnin Aljiyas na ƙasar Aljeriya a 1832, shekara biyu bayan Faransa ta mamaye shi, sannan a 1834 ya zana matan birnin zaune a ɗaki cikin ado, shiru, kamar an shirya su domin idon baƙo. A 1980 Assia Djebar, marubuciya 'yar Aljeriya, ta ɗauki sunan zanen nan ta sa wa littafinta, ta bar matan suka yi magana a kan yaƙin neman 'yanci da kuma yadda mazajensu suka mayar da su gefe bayan an ci nasara. Wannan kashi na biyun ne ya fi burge ni, domin ba ta wanke na gida don ta zargi baƙo ba.

Malama Rabi:
Gaskiya ne, Malam, sai dai ka lura da Faransanci ta rubuta. Labarin Baba ta Karo ma, wato tarihin rayuwar wata dattijuwa Bahaushiya da aka buga a 1954, da Hausa ta faɗe shi, amma wata Baturiya, Mary Smith, ce ta yi tambayoyin, ta tsara, ta juya shi zuwa Turanci. Ɗalibarmu, idan za ki yi nazarinsa, ki fara da tambayar abin da aka tambayi Baba, da abin da ba a tambaye ta ba.